Tudun da Ya Gagara: Tarken Zubi da Salon Littafin Les Éparges na Maurice Genevoix

1.0 Gabatarwa

Labarin yaƙi, a mafi yawan adabin duniya, yana da tafarkin da ya saba bi. Akan yi shiri, a ɗaura ɗamara, a fita fage, a gwabza, sannan wani ya ci wani a dawo gida da ganima ko da takaici. Wannan tsari shi ke riƙe da mai karatu, domin tun daga farko ya san akwai inda aka dosa. To, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918) ya zo da wani irin faɗa da ya rushe wannan tsari, wato yaƙin ramuka, inda rundunoni biyu kan haƙa ramuka suna fuskantar juna, su shekara suna kashe juna a kan tudu guda ko kufan ƙauye guda. Yau wannan ya karɓe, gobe wancan ya ƙwace, jibi a koma gidan jiya.

Wannan maƙala za ta yi tarken ɗaya daga cikin littattafan da suka tunkari irin wannan faɗa, wato Les Éparges, wanda marubucin Faransa Maurice Genevoix ya wallafa a 1923. Tambayar da aka sa a gaba ita ce: ta yaya marubuci zai ba da labarin abin da ya yi ta maimaituwa ba tare da ya gundiri mai karatu ba, kuma ba tare da ya ƙaga nasarar da ba a samu ba? Za a fara da taƙaitaccen tarihin marubucin da na tudun, sannan a dubi jigo da zubi da salo, a kwatanta littafin da na wani Bajamushe da ya yi yaƙi a wuri ɗaya, daga ƙarshe a nuna inda littafin ya gaza.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Maurice Genevoix a 1890, ya rasu a 1980. Yana ɗalibi a babbar makarantar École normale supérieure ta birnin Faris yaƙi ya ɓarke, aka tura shi runduna ta 106 ta sojan ƙasa a matsayin ƙaramin hafsa. Ya yi wata takwas a fagen fama, daga ƙarshen Agusta 1914 zuwa ranar 25 ga Afrilu 1915, ranar da harsasai uku suka same shi, abin da ya nakasa masa hannun hagu har ƙarshen rayuwarsa. Babban sakataren makarantar tasu, Paul Dupuy, wanda suka riƙa musayar wasiƙu da shi, shi ne ya matsa masa ya mayar da abin da ya rubuta a littafin aljihunsa ya zama littafi.

Daga nan aka sami littattafai biyar a jere tsakanin 1916 da 1923. Na farkonsu, Sous Verdun, ya fito ana tsakiyar yaƙi, kuma masu tace rubutu na gwamnati sun yanke masa wurare da dama. Les Éparges shi ne na ƙarshe. A 1949 marubucin ya tattara su cikin kundi guda mai suna Ceux de 14, wato Mutanen Shekarar 14. Ya ci kyautar Goncourt a 1925 da wani ƙagaggen labari mai suna Raboliot, ya shiga majalisar masana ta Académie française a 1946, kuma ranar 11 ga Nuwamba 2020 aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin manyan mutanen Faransa.

3.0 Tudun da Ake Magana a Kansa

Les Éparges sunan wani ƙaramin ƙauye ne da tudun da ke kusa da shi, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da garin Verdun. Tsayin tudun bai wuce mita 350 daga doron teku ba, tsawonsa kuwa kilomita ɗaya ne da 'yan kai. Darajarsa ɗaya ce: wanda ya hau ƙuryarsa ta gabas yana hangen filin Woëvre gaba ɗaya, yana kuma iya nuna wa masu harba igwa inda za su saita. Jamusawa suka kama shi a Satumba 1914, lokacin da suka kutsa har garin Saint-Mihiel, suka cika shi da ramuka da waya mai ƙaya.

Faransawa sun kwashe watanni suna haƙa hanyoyi ta ƙarƙashin tudun. Ranar 17 ga Fabrairu 1915 da rana suka tayar da nakiyoyin da suka binne, sojojin runduna ta 106 suka hau suka kama ɓangaren yamma. Washegari da safe Jamusawa suka kore su. Kafin faɗuwar rana Faransawa suka sake karɓewa. Haka aka yi ta yi har 21 ga wata. Aka sake kai hari daga 18 zuwa 20 ga Maris, aka kuma sake daga 5 zuwa 9 ga Afrilu, cikin ruwan sama da taɓo. A ƙarshe mafi yawan doron tudun ya koma hannun Faransa, amma ƙuryar gabas ɗin nan da aka yi duk wahalar dominta, wadda taswirar hafsoshi ta sa wa alamar X, ta ci gaba da zama a hannun Jamusawa har Satumba 1918. An ƙiyasta cewa a waɗannan watanni ɓangarorin biyu sun yi asarar mutum kimanin 12,000, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Har yau manyan kwazazzaɓan da nakiyoyi suka haƙa suna nan a kan tudun.

4.0 Jigo

Babban jigon littafin shi ne lalacewar ma'anar nasara. A Hausa akan ce an ci gari, kuma kalmar ci tana ɗauke da ma'anar gamawa, domin abin da aka ci ba ya dawowa. A tudun Les Éparges kuwa ci ba ya gama komai. Wanda ya kama rami ya zama abin saiton igwar abokin gaba, wanda ya san wurin taku bayan taku tunda jiya shi ke cikinsa. Saboda haka lokacin da sojan Genevoix suka fi shan wuya shi ne bayan sun yi nasara. Hawan tudun bai ɗauke su lokaci mai tsawo ba. Zaman da suka yi na kwana huɗu zuwa biyar cikin kwazazzabon nakiya, harsasan igwa na sauka a kansu dare da rana, shi ya ƙarar da su.

Akwai ƙananan jigogi biyu da suka tallafi wannan. Na farko shi ne zumunci. Ginshiƙin kundin duka shi ne abotar marubucin da wani ƙaramin hafsa ɗan'uwansa, Robert Porchon, wanda aka kashe a kan tudun ranar 20 ga Fabrairu 1915, wanda kuma aka sadaukar da littafin farko gare shi. Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin taswira da ƙasa. A hedikwata tudun haruffa ne, C da X da makamantansu, waɗanda ake ja wa layi da fensir. A wurin soja kuwa laka ce da ke cire wa mutum takalmi, ta toshe bakin bindiga, ta haɗiye mai rauni. Marubucin bai tsaya yin dogon wa'azi a kan wannan tazara ba. Yakan kawo umarnin da ya zo daga sama, sannan ya nuna halin da mutanen da za su cika umarnin suke ciki, ya bar mai karatu ya auna.

5.0 Zubi da Tsari

A nan ne ƙarfin littafin yake. Marubucin da ya ga hari ya maimaitu sau da dama yana da hanyoyi biyu masu sauƙi. Yana iya dunƙule hare-haren su zama gagarumin faɗa guda mai farko da tsakiya da ƙarshe, kamar yadda masu ƙagaggun labarai kan yi. Yana kuma iya jero su ɗaya bayan ɗaya da adadin matattu, kamar rahoton runduna. Genevoix bai bi ko ɗaya ba. Ya bi kwanakin wata kamar yadda suka zo, amma bai raba musu shafuka daidai wa daida ba.

Harin Fabrairu ya ba shi wuri mai faɗi. Mai karatu yana zaune da sojojin suna jiran tashin nakiya, yana hawa da su, yana kwana da su a kwazazzabo. A nan ne ake samun daren da masu rauni ke ta kiran masu ɗaukar majinyata ba mai zuwa, wasu har suna roƙon a ƙarasa su. A nan ne kuma wani ƙaton harsashin igwa ya faɗo dab da marubucin, ya hallaka na kusa da shi, shi kuwa ya tsira, abin da ya sake komawa kansa yana tsoho a littafinsa La Mort de près na 1972. Da aka zo hare-haren baya, mai karatu ya riga ya san tudun. Abin da ya sake shi ne mutanen, domin fuskokin da aka saba da su tun littafin farko sun ragu, sababbi sun maye gurbinsu, mai ba da labarin kansa kuma ya gaji.

Ke nan, dabarar ita ce a tsayar da wuri cak, a bar taurari su riƙa zubewa. A labarin yaƙi na al'ada jarumi ne ke nan daram, garuruwa ke saɓawa. Misali na kusa ga manazarcin Hausa shi ne Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, inda jarumi guda ke ratsa fage bayan fage yana nan da ƙarfinsa da kirarinsa. Les Éparges ya juya wannan tsari. Da haka maimaici ya daina zama nauyi a kan labarin, ya koma ma'aunin asara, tunda duk komawa kan tudun tana tilasta wa mai karatu ya ƙirga su wa suka rage.

Haka kuma littafin ba shi da ƙololuwa irin wadda aka saba. Mutuwar Porchon, wadda mai ƙagaggen labari zai tanada ya kai ta ƙarshe ya shirya mata jawabin ban kwana, ta zo ne tun a harin farko, kuma ba a gaban idon marubucin ba. Labarinta aka kawo masa. Shi kansa raunin da ya fitar da shi daga yaƙin bai same shi a kan tudun ba, sai a dajin da ke kusa, wajen hanyar da ake kira Tranchée de Calonne, lokacin da Jamusawa suka kawo nasu harin. Littafin ya ƙare a inda idon shaidar ya daina gani, alhali faɗan tudun yana da sauran fiye da shekara uku. Wannan rashin naɗewa yana iya ɓata wa mai neman labari rai, amma shi ne siffar abin da ya faru.

6.0 Salo da Sarrafa Harshe

Abubuwa uku ne suka fi fitowa fili a salon littafin. Na farko shi ne dogaro da kunne. Sojan da ke cikin rami ba ya ganin komai sai bangon laka da ɗan yankin sama, saboda haka da ji yake sanin duniya. Genevoix yakan bambanta igwa da igwa ta ƙararsu, yakan kira su da lambar faɗin bakinsu kamar yadda sojoji ke yi, 75 ta Faransa, 77 da 105 da 210 na Jamus, har mai karatu ya koyi wace ƙara ce ake sunkuya mata, wace ce kuma sunkuyawa ba ta da amfani. Duk mai niyyar fassara littafin zuwa Hausa zai tarar harshen yana da arzikin amsa-kama da zai ɗauki wannan nauyi, sai dai zai sha wuya wajen kalmomin ramukan kansu, domin gwalalo da ganuwa na tsaron gari ne, ba su yi daidai da ramin da soja ke kwana a ciki wata da watanni ba.

Na biyu shi ne maganar taurari. Yawancin sojojin manoma ne da 'yan ƙwadago, kuma marubucin ya bar kowa da karin harshensa da ba'arsa da ƙorafinsa. Sojan da ke yi masa hidima, wanda ya kira Pannechon, yana daga cikin waɗanda muryarsu ta fi zama a kunne. Ya sake wa mafi yawan abokan yaƙinsa suna, amma ya bar Porchon da sunansa na gaskiya, kuma binciken da aka yi daga baya ya gano mutanen da ke bayan sunayen aron. Wannan ya tabbatar da cewa taurarin ba ƙagaggu ba ne.

Na uku shi ne kamun kai. Jimlolin sukan gajarce idan wuta ta yi zafi, su miƙe idan an sauko hutu a ƙauyukan baya. Marubucin yana da ido a kan itatuwa da tsuntsaye da sauyin yanayi, abin da ya zama tambarinsa a littattafansa na baya, kuma wannan ido ne ke sa lalacewar tudun ta yi ciwo, domin mai karatu ya ga dajin kafin a mayar da shi kututture. Ba ya yawan kururuwa a kan gawa. Yakan faɗi abin da ya gani da sunan wanda ya gani, ya wuce, kamar yadda dole ta sa ya wuce a lokacin.

7.0 Kwatanci da Ernst Jünger

Wani abin mamaki shi ne, a ɗaya ɓangaren akwai wani matashi da shi ma ya zama babban marubuci. Ernst Jünger (1895 zuwa 1998) yana cikin runduna ta 73 ta Jamus, kuma a wannan daji, a ƙarshen Afrilu 1915, ya sami rauninsa na farko. Littafinsa In Stahlgewittern na 1920 yana da babi mai sunan Les Éparges. Bernard Maris, surukin Genevoix, ya rubuta littafi guda a 2013 yana kwatanta mutanen biyu.

Sun yi tarayya a abu guda muhimmi: Jünger ya bayyana cewa ya shiga babban faɗa ya fito bai ga abokin gaba ko ɗaya da rai ba, kuma bai ɓoye firgitar da ta kama shi ba da aka raunata shi. Inda suka rabu shi ne matsayin wurin a cikin zubin labari. A wajen Jünger, Les Éparges matakin farko ne na tsani, darasin da ya fara mayar da ɗan sa kai jarumi. Babin gajere ne, labarin ya wuce gaba zuwa wasu fagage, kuma a kan hanyarsa ta zuwa asibiti a Heidelberg ganin kyan ƙasarsa ya ƙara masa ƙwarin guiwa. Wato Jünger ya maido da tsohon tsari na jarumi mai ratsa fagage. A wajen Genevoix kuwa tudun ne ƙarshen tafiya, inda duk abin da aka gina a littattafai huɗu ya zo ya ruguje. Wanda ya zo wurin sau ɗaya yana iya ɗaukarsa makaranta. Genevoix ya hau shi ya sauko ya sake hawa, ya ga abin da maimaicin ke yi wa runduna, kuma wannan ne ya sa zubinsa ya fi dacewa da yaƙin ramuka.

8.0 Inda Littafin Ya Gaza

Jean Norton Cru, wanda shi ma tsohon soja ne, ya auna littattafan shaidun yaƙin kusan ɗari uku a cikin Témoins na 1929, ya sa Genevoix a sahun gaba wajen gaskiya, alhali ya soki wasu da suka fi shi suna a lokacin, irin su Henri Barbusse. Wannan hukunci ya karɓu, amma bai kamata ya rufe idon mai tarke ba.

Da farko, akwai batun hirarraki. Littafin cike yake da maganganun da aka kawo kalma da kalma, alhali ya fito shekara takwas bayan aukuwar abin. Babu littafin aljihun da zai riƙe zancen da aka yi cikin kwazazzabo ana ruwan wuta. Dole ne a yarda cewa an sake gina su, kuma gaskiyarsu gaskiyar hali ce da karin harshe. Wannan ba aibi ba ne ga adabi, amma yana nuna cewa katangar da Cru ya gina tsakanin shaida da ƙaga ba ta kai tsayin da ya zata ba.

Na biyu, kamun kan da aka yaba a sama yana da tsadarsa. Marubucin hafsa ne mai biyayya, kuma bai bi zaren laifi har zuwa inda ya fito ba. Hare-haren 1915 sun taso ne daga manufar babban kwamanda Joffre ta gutsurar abokin gaba kaɗan-kaɗan, amma mai karatun da bai san wannan ba zai iya rufe littafin yana ganin bala'in kamar fari ko annoba, abin da ya sauko ba da hannun kowa ba. Na uku, Bajamushe a littafin yawanci ƙara ce ko inuwa ko fursuna, ko da yake wannan ya biyo bayan sharaɗin da marubucin ya ɗora wa kansa na faɗar abin da ya gani kurum. Na huɗu, wanda ya ɗauki Les Éparges shi kaɗai zai ruɗe da yawan sunaye, kuma zafin rashinsu ba zai kama shi ba sai ya san su tun daga littattafan farko.

9.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa Les Éparges ya warware matsalar maimaici ta hanyar tsayar da wuri da barin taurari su ragu, da raba shafuka gwargwadon nauyin kwanaki, da ƙin ƙaga ƙololuwar da tarihi bai bayar ba. An kuma nuna cewa hirarrakinsa ginannu ne, kuma bai kai tuhumarsa ga manyan hafsoshi ba. Darasin ya shafi manazarta adabin harsunan Nijeriya, domin sojojin ƙasar nan sun ɗanɗani irin wannan zama a gindin Dutsen Mora a Kamaru, inda aka tsare Jamusawa daga Agusta 1914 har Fabrairu 1916, kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana da garuruwan da aka karɓa aka ƙwace, kamar Owerri. Marubucin da zai ɗauki irin waɗannan fagage da Hausa zai tarar zubin jarumi da kirari bai ishe shi ba, kuma littafin Genevoix yana daga cikin wuraren da zai iya duba yadda aka gina wani zubin. Fassara kundin Ceux de 14 zuwa Hausa, ko da wannan kashi na ƙarshe ne tare da taƙaitaccen bayanin na gabansa, aiki ne da ya cancanci sassan harsunan jami'o'i su sa a gaba.